Wane akwati ya dace da tsohuwar sifika?

A shagunan masu gyaran rediyo na Ringim, Gumel ko Bichi, har yau akan tarar da tsofaffin sifiku da aka ciro daga manyan rediyoyin katako na Philips, Grundig da National, suna jibge a lungu ƙura ta rufe su. Irin waɗanda ƙwaya ɗaya ke ɗaukar sauti duka ne, mai kauri da siriri, galibi inci 6 zuwa 8, wasu da ƙaramin mazurarin takarda a tsakiya. Wat biyu ko uku ya ishe su su cika ɗaki, abin da ya dace da gidan da batir da sola ke riƙe da shi. Sai dai yawancin masu saye kan lalata su tun a wurin kafinta, domin akwatin da ya saba bugawa na masu kiɗan biki ne.

Kafin ka biya, ka sa mai shago ya auna maka ita da mita. Mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa lantarki) za ta nuna wajen 6 ko 7. Philips ta yi wasu samfuran 9710 masu om 800 domin rediyoyinta na bawul, wato masu kwalaben gilashi a ciki, kuma amfilifayar yau ba za ta tuƙa su yadda ya kamata ba. Sannan ka danna takardar a hankali da yatsu. In ka ji koyil, wato naɗin wayar da ke tsakiyarta, na gogawa, bar ta.

Sifikar ce ke zaɓar akwatinta, kamar yadda tsirkiyar gurmi ke neman ƙwaryar da ta yi daidai da ita. Tun 1961 wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, ya fitar da lissafin hakan, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Wanda ba shi da kayan awo sai ya dubi maganaɗisu: ƙarami kan takarda marar nauyi yana son sarari, babba mai ƙarfi yana son akwati mai ƙofar iska, wato mai rami da bututu.

Mafi sauƙi shi ne allo kawai, a huda tsakiya a ɗaura sifika, baya a buɗe. Sifikun tsofaffin rediyoyi a haka aka tsara su, shi ya sa muryar mai karatu ko mai waƙa ke fitowa tas. Illarsa, sautin baya yana zagayowa ya cinye kaurin na gaba, don haka allon da bai kai faɗin santimita 60 ba bes ɗinsa kaɗan ne. A ƙauye kuma akwai ƙurar hunturu, ɓera da hannun yara. Ni abin da nake ba da shawara ga mai irin wannan sifika shi ne akwati marar zurfi, santimita 15 zuwa 20, a rufe bayansa da ragar sauro da yadi mai shara-shara. Ya kare takarda, ya ƙara ɗan kauri, kuma bai shaƙe muryar ba.

Rufaffen akwati yana hana ƙura, amma in ya yi ƙanƙanta sai sifikar ta riƙa gunji a sauti ɗaya. In shi kake so, yi shi babba.

Mai ƙofar iska shi ne na sifika mai babban maganaɗisu. Ga mai inci 8, ciki na santimita 30 da 25 da 70 ya ba ka lita 52 da ɗoriya, kuma filawud ɗaya mai ƙafa 4 da 8 zai fitar da guda biyu. Ka sa bututun roba na ruwa mai inci 3, tsawon santimita 10, ka saurara, sannan ka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. Rage tsawo yana ƙara bugu amma yana rage zurfi, saboda haka kada ka saka masa gam sai kunnenka ya gamsu. Ka kuma rufe bakinsa na ciki da raga, don zanzaro ba ya ganin rami ya wuce.

Akwai dogon akwatin nan mai tsukewa da Paul Voigt ya ƙirƙiro a Ingila a shekarun 1930, da masu naɗaɗɗen ƙaho a ciki irin na kamfanin Lowther. Suna da daɗi, amma suna cin katako, kuma kuskuren awo kaɗan ya ɓata aikin. Ban ga dalilin farawa da su ba.

Wajen katako ne mutane ke asarar kuɗi. Tsagin katako ɗanye yana tsagewa da hunturu ya buɗe kafofin iska. MDF, allon garin katako da aka matse, ba ya amsa kuwwa, amma da ya sha laimar damina a ɗakin ƙasa sai ya kumbura ya saki kusa. Filawud mai kaurin milimita 18 ya fi su duka. In ka shiga 'Yan Katako a Na'ibawa, Kano, ka dubi gefensa da kyau, ka guji mai ramuka tsakanin ɓawo da ɓawo. Ka ce wa kafinta ya haɗa da gam da sukuru, ya sa sanda a ciki ta riƙe ɓangarorin biyu, ya shafa maganin gara kafin fenti. A liƙa tsohon bargo ko audugar rimi cikin yadi a bangon baya, ban da kusa da bakin bututu. Akwatin kuma a ɗora shi kan bulo ko benci, kada ya taɓa daɓe.

Yawancin waɗannan sifiku ba sa jure fiye da wat 10 zuwa 15. In za ka haɗa su da amfilifayar zamani, ka bar maɓallin bes a tsakiya, kuma kada ka ba da aronsu don taron biki ko majalisi.