Koyon babur a Ingila, da yadda ya taimaka min a tuƙin mota

Yaya barka da warhaka, ya iyali ya jikin Hajiya. Ka tambaye ni ya akai na ci jarabawar mota alhali ban taɓa riƙe sitiyari a gida ba, to wallahi babur ne ya share min hanya.

Nan ba kamar gida ba ne da za a kai ka fili a ce ga totur ga birki kuma shi ke nan ka iya. Sai ka fara karɓar lasisin koyo, sannan ka je makaranta ka yi horon da suke kira CBT, doka ce tun 1990. Da farko ma idonka za su gwada, sai ka karanto lambar mota daga nisan mita 20. Daga nan a fili ake wuni, tashi da tsayawa, kwana, birkin gaggawa, sannan malami ya saka maka rediyo a kunne cikin hular kwano ya biyo ka a baya ku yi aƙalla awa 2 a titi yana yi maka magana. Takardar shaidar gama horon shekara 2 take yi, mashin ɗinka kar ya wuce 125cc, jan harafin L gaba da baya, kuma ba goyo sam, ko matarka ce.

Abin da ya fi zama min a kai shi ne waiwaye. Kafin ka sha kwana ko ka canja hannu dole ka juya kai ka kalli bayan kafaɗarka, madubi kaɗai bai isa ba don akwai inda ba ya nunawa, malamin nan ya yi ta nanata min har ya zame min jiki. Da na shiga mota sai na ga ina yi ba tare da an ce in yi ba, musamman a shataletale inda ɗan keke ko mai babur yake ɓuya a gefenka. Haka barin tazara, daƙiƙa 2 tsakaninka da na gaba, in ana ruwa ka ninka, kuma nan ruwa ba ya ƙarewa. Wanda ya taɓa jin taya ta zame masa a jiƙaƙƙen titi ba sai an roƙe shi ba. Kulochi ma na riga na san inda yake kamawa, daga hannu ya koma ƙafa ne kawai.

Inda na sha wuya ribas ne da faɗin mota, ga giya a hannun hagu tunda su ta hagu suke tuƙi.

Don Allah yaron nan da ka ce zai fara hawa mashin ɗinka, kar a bar shi da abokai, ka zauna da shi da kanka ka koya masa waiwayen nan da haɗa birkin gaba da na baya. Hular kwanon zan aiko masa.