Damben boksin ko judo: wanne ya fi wa mai tashi aiki da dare a Accra?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce yana gyaran waya a unguwar Circle da ke Accra, yana rufe shago bayan isha, ya hau trotro, wato ƙaramar motar haya, sannan ya taka da ƙafa zuwa gida a Nima. 'Yan kwashe, wato masu fizge wa mutane waya da jaka a titi, sun hana shi sakat, yana son koyon kare kai, amma ya rasa wanda zai shiga tsakanin damben boksin da judo. Ƙanina, ga yadda nake ganin su.

Boksin dai a gidansa kake. Daga Bukom da Jamestown ƙasar nan ta fitar da gwanayen da duniya ta sani. D.K. Poison ya ɗauko wa Ghana kambun duniya na farko a 1975, Azumah Nelson ya doke Wilfredo Gómez ya karɓi nasa a 1984, Ike Quartey ya biyo baya a 1994, kuma tun 2016 akwai filin Bukom Boxing Arena. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne kocin da ya san aikinsa ba ya wuyar samu, kuma kayan farawa ba su da yawa: igiyar tsalle, ƙyallen naɗe hannu, robar kare haƙora, sai safar dambe.

Mutane suna ɗauka naushi ake zuwa koyo. Ni a wurina babban abin da boksin ke ba mutum yana ƙafa da ido da numfashi. Za ka koyi auna tazara, ka san lokacin da mutum ya shigo inda hannunsa zai kai gare ka. Za ka koyi gocewa gefe maimakon ja da baya kai tsaye har bango ya tare ka. Kuma idan an taɓa kai maka naushi a wurin horo, ranar da aka kai maka a titi jikinka ba zai sandare ba. Wannan sandarewar ce take cin yawancin mutane, ko da suna da ƙarfi. Ga kuma gudun asuba da 'yan dambe ba sa wasa da shi, wanda a lungun da babu fitila ya fi kowane naushi amfani.

Aibinsa biyu ne, kuma ban ɗauke su da sauƙi ba. Hannu tsirara idan ya sami ƙoƙon kan mutum, ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa yakan karye, kai kuwa da yatsun nan kake cin abinci. Na biyu, dukan kai yana taruwa a ƙwaƙwalwa a hankali. Tunda ba kambu kake nema ba, ka faɗa wa koci tun ranar farko cewa karawa mai sauƙi kake so.

Judo kuwa daga Japan ya fito, Jigoro Kano ne ya kafa shi a 1882. Babu naushi a karawarsa, riƙo ne da kayarwa da dannewa, wanda ya taɓa kallon kokawa zai gane shi nan take. Darasin farko shi ne faɗuwa: ka sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ka daki ƙasa da hannu, kada ƙeya ta taɓa ƙasa. A garin da kwatoci suke a buɗe, kuma mai babur zai iya fizgar jakarka ya ja ka, wannan darasin yana iya zama abin da zai hana kanka fashewa a kan siminti. Idan aka ci kwalarka ko aka rungume ka ta baya, ɗan judo ya fi ɗan boksin sanin abin yi nesa ba kusa ba. Sai dai yana ɗaukar lokaci kafin kayarwa ta zauna a jiki, yana buƙatar katifar horo da rigar musamman, kuma wurarensa ba su kai na dambe yawa a Accra ba. Ga 'yan'uwa mata da ke karantawa, judo haɗa jiki ne sosai, saboda haka ku tambaya tun farko ko akwai mata abokan horo.

Taekwondo na da kyau ga yara da motsa jiki, amma ɗaga ƙafa sama a kan ƙasa mai ramuka, da silifa a ƙafa, ba zan ba ka shawararsa don wannan buƙata ba.

To wanne? A halin da kake, boksin zan ce, domin shi ne za ka iya zuwa a kai a kai ba tare da kuɗin mota ya karya ka ba, kuma horon da ake zuwa ne kawai yake amfani. Bayan wasu watanni ka nemi mai koyar da judo ya koya maka faɗuwa da ƙwace kai daga riƙo. Da a ce ka haura hamsin, ko kuma abin da kake tsoro riƙo ne da ja, da na juya maka tsarin.

Amma ka ji wannan da kyau. Babu ɗayansu da ke tare wuƙa ko adda, kuma 'yan kwashe ba kasafai suke tafiya su kaɗai ba. Idan ƙarfe ya fito, miƙa wayar, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Ka kira lambar gaggawa 112 ko ta 'yan sanda 191, ka sa a toshe layinka da asusun MoMo, wato na kuɗin waya, a daren. Dokar laifuka ta 1960 ta yarda mutum ya kare kansa da ƙarfin da ya dace da barazanar, amma ba ta ba ka damar ci gaba da dukan wanda ya riga ya faɗi ko ya juya yana gudu ba.

Kafin ka biya ko sidi ɗaya, je ka zauna ka kalli horo guda. Duba ko ana haɗa sabon shiga da wanda ya fi shi nauyi, ko ana sa hular kariya, ko koci yana tsayar da karawa da zarar wani ya jigata. Wurin da ake alkawarin koya maka ƙwace bindiga cikin sati biyu, kada ka koma can.