Yaron da ya gyara mana intanet ɗin gida

Wata uku ina fama da intanet a gidanmu na Hotoro. Sana'ata sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp da Instagram, amma in na ɗauki bidiyon kaya zan ɗora, sai ya yi ta juyawa har mai saye ta gaji ta nemi wani wurin. Na canza layi sau biyu, na ƙara kuɗin data na wata, duk a banza. Ƙanwata ce ta haɗa ni da wani matashi mai shago a Farm Centre, ta ce yana zuwa gida ya duba rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida.

Bari in fara da abin da bai yi min daɗi ba. Ya ce zai zo bayan La'asar, bai iso ba sai dab da Magariba, kuma bai kira ya sanar ba. Mai sana'a ya kamata ya kiyaye wannan.

Aikinsa kuwa ya biya ni. Kafin ya taɓa komai sai ya buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, a wayarsa, ya tsaya kusa da rautar, ya samu megabit 22. Muka shiga ɗakina inda nake ɗaukar hoton kaya, ya sake gwadawa, 2 da ɗan wani abu. Ya ce, "Anti, sabis yana shigowa gidan nan lafiya lau. A tsakanin falo da ɗakinki yake mutuwa."

Rautar tana bayan talabijin, a ƙasan kabad, bango biyu na bulo tsakaninta da ɗakina, kuma na lulluɓe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Ya cire ƙyallen ya ce in taɓa, na ji ta zafi zau. Ya mayar da ita saman wata kanta kusa da taga, ya miƙar da eriyoyin biyu.

Daga nan ya shiga shafin saitin ta adireshin da ke rubuce a ƙasan na'urar. Waya da kwamfuta 14 ne a kai, alhali namu bakwai ne. Nan na tuna da Sallah na ba yaran maƙwabta lambar sirri, ban sake canzawa ba. Ya canza ta, ya kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta lambar sirri ba. Ya kuma nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba, wato rautar tana fitar da Wi-Fi iri biyu. Mai 2.4GHz ya fi ratsa bango da kai nisa, amma ya fi cunkoso domin na maƙwabta ma a kansa suke. Mai 5GHz ya fi gudu, sai dai ba ya nisa. Ni da na zaci 5G ɗin da ake talla ne, ashe babu abin da ya haɗa su. Ya haɗa talabijin da rautar ta kebul, ya bar min Wi-Fi.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne inda ya ce ba zai iya ba. Na yi masa ƙorafin yadda gudun ke raguwa da dare, ya ce daga ƙarfe takwas zuwa goma sha ɗaya duk unguwa tana kan turken sabis ɗaya, ko sabuwar rauta na saya ba za ta raba ni da wannan ba. Ya ce in duba sharuɗɗan tsarin datar da ake cewa ba ta ƙarewa, domin da yawa suna rage gudu in an kai wani adadi. Na duba, haka ne. Yana da rauta a shagonsa, da ya ce in saya da na saya, amma kebul ɗin nan kaɗai ya sayar min.

Yanzu ɗakina yana samun 15 zuwa 18 da rana. Manyan bidiyo kuwa ina ɗora su bayan Asuba kamar yadda ya ba ni shawara. Na ce ya kawo min ƙaramin batirin rauta a mako mai zuwa, saboda in an ɗauke wuta kada ta mutu ina tsakiyar ciniki.