Sharhi kan sabis ɗin shokobza na babur ɗin ƙanƙara

Ga masu hawa babur ɗin ƙanƙara a Kanada ko arewacin Amurka, ra'ayina bayan amfani da shokobza da aka kwance aka sabunta shi ne, kuɗin wannan aiki ba ya tafiya a banza. Bambancin yana fitowa ne a hanya mai kwazazzabo: gindin babur ya daina dukan ƙasa, kan ya daina rawa a kwana.

Yawancin baburan nan shokobza huɗu gare su, biyu a kan takalman gaba masu zamewa, biyu a cikin bel ɗin baya da ke tura babur ɗin a kan ƙanƙara. Irin waɗanda ake iya kwancewa, kamar na kamfanonin Fox da KYB da Walker Evans, mai ne a ciki da iskar naitirojin, sai wani fistin mai yawo da ke raba su. Ana cusa iskar da ƙarfi, galibi daga psi 200 zuwa 300 (psi ma'aunin matsin iska ne) gwargwadon ƙirar, don ta danne man kada ya yi kumfa. Masu araha da aka liƙe bakinsu tun daga kamfani ba sa gyaruwa, sai canji.

Abin da ke kashe su ruwa ne, kuma wanda ya fi shan wuya shi ne na tsakiya, wato wanda ke ta gaba a cikin bel. Yana nan ƙanƙara na yi masa feshi duk tsawon tafiya, ga shi a lungu, ba mai leƙa shi. Ƙanƙara ta daskare a jikin sandar da ke shiga da fita a shokobza, ta ci robar da ke toshe bakinta, danshi ya shiga. Mai ya gauraya da ruwa ya koma kamar kunu, in sanyi ya tsananta ya daskare a cikin siraran wasoshin da ke kan babban fistin na jikin sandar, shokobza ta sandare. In kuma robar fistin mai yawo ta gaji, iska ta tsallaka cikin mai, da safe babur lafiya lau, bayan rabin awa na gudu sai ya fara tsalle kamar ɗan akuya. Abin da ke damuna shi ne duk wannan yana faruwa ba tare da ɗigon mai ko ɗaya a waje ba, mutum ya yi ta ɗaure sifirin yana zaton can matsalar take.

Gwajin mai sauƙi ne. A cire shokobza, a zare sifirin, a danna sandar ciki. Mai lafiya tana shiga da nauyi iri ɗaya, ta dawo da kanta har ƙarshe. In ta tsaya a hanya, ko an ji motsin kumfa, lokaci ya yi.

Aikin kansa yana farawa da sakin iskar gaba ɗaya, domin buɗe murfi da iska a ciki yana iya raunata mutum. Daga nan a zubar da mai, a wanke wasoshin a jere yadda aka same su, a canza robobi da zoben fistin, a saita zurfin fistin mai yawo da ma'auni bisa littafin kamfani, a zuba man shokobza, a fitar da kumfa, sannan a cusa naitirojin. Zurfin nan shi ne ke bambanta makaniki nagari da mai gaggawa: kuskuren 'yan milimita ya isa ya sa fistin biyu su riƙa karo. A duba sandar kuma. In gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara ya yi mata tsatsa, wanda yakan faru ga masu ɗaukar babur a buɗaɗɗiyar tirela, sabuwar roba ba za ta daɗe ba sai an canza sandar.

Illar aikin ita ce ba na gida ba ne ga wanda ba shi da tukunyar naitirojin da allurar cusa ta, kuma ba ya gyara sifirin da ya saki ko bush da ya cinye, waɗannan kuɗinsu daban.

Mai gudu sosai ya kai shokobzarsa sabis duk shekara, mai hawa jefi-jefi kada ya wuce shekara biyu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Afrilu, da zarar ƙanƙara ta narke, don kada ruwan da ya shiga ya kwana a ciki wata shida yana cin ƙarfe. Wanda ya jira Nuwamba zai tarar da layi a gareji.