Sharhi a kan mandoc da yadda yake daidaita rubutun zaɓuɓɓukan umarni

Duk wanda ya taɓa haɗa ƙunshin manhaja tare da shafin jagoranta ya san cewa wahalar ba ta tsaya ga bayyana aikin kowane zaɓi (ƙarin harafi ko kalma mai kara a gaba da ake haɗawa da umarni, kamar -u) ba, domin dole ne kuma zaɓin ya fito da kama ɗaya tun daga farkon shafi har ƙarshensa. A tsohon salon rubuta waɗannan shafuka, wanda ake kira man, marubuci ne ke yanke hukunci da kansa, ya sa .B idan yana son rubutu mai kauri, ya sa .I idan yana son mai karkata, shi ya sa za ka tarar da zaɓi ɗaya ya sauya kama sau uku a shafi guda.

Manhajar mandoc mai tsara shafukan jagora, wadda Kristaps Dzonsons ya fara a 2008 kuma Ingo Schwarze yake kula da ita, ta ginu ne a kan salon mdoc na tsarin sarrafa kwamfuta na BSD, inda marubuci ke faɗin matsayin kalma ya bar wa manhaja batun kamanninta. Alamar .Fl tana nufin zaɓi, kuma ita ke ɗora karan-ɗori da kanta; .Ar tana nufin abin da mai amfani zai cike da nasa; .Op kuwa tana sanya abin da ba dole ba cikin baka-biyu masu kusurwa. Saboda haka a jagoran pkg_add, umarnin girka ƙunshi a OpenBSD (wani reshen BSD), zaɓin -u na sabunta ƙunshi yana fitowa iri ɗaya a layin taƙaitawa da kuma cikin bayani, ko a allon umarni aka karanta shi ko a HTML.

Batun karan-ɗorin nan ba ƙarami ba ne. Bayan fitowar sigar 1.23 ta groff, wata manhajar tsara shafukan jagora, a 2023, masu amfani da Debian (wani nau'in Linux) sun yi kukan cewa zaɓin da suka kwafo daga wasu shafuka ba ya aiki, domin yadda marubutan suka rubuta karan ya sa sabon groff yana fitar da karan da ya yi kama da na umarni amma ba shi ba ne. Wanda ya rubuta da .Fl ya tsira daga wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne mandoc -T lint, mai nuna kuskure tare da lambar layinsa, sai kuma apropos, umarnin bincike a shafukan jagora, wanda ke iya neman kalma a matsayinta na zaɓi kaɗai.

Sai dai akwai inda take gajiyarwa. Yawancin alamomin haruffa biyu-biyu ne, ba sa zama a kai da wuri, kuma dogayen zaɓuɓɓuka masu kara biyu irin na manhajojin GNU sai marubuci ya ƙara kara na biyun da hannunsa, abin da ke sa rubutun asali ya yi wuyar karantawa. Duk da haka, ga ƙungiyar da mutane da yawa ke rubuta jagoran ƙunshi ɗaya, ina ganin kwanakin da za a ɓata wajen koyonta sun fi sauƙi a kan gyaran shafuka ɗaya bayan ɗaya.