Pastorex a lokacin sanƙarau: abin da yake gani da abin da ke wuce shi

Daga hunturu zuwa tsakiyar bazara, kafin ruwan fari ya sauka, ɗakunan gwaji na Sakkwato da Gusau da Maraɗi da Damagaram kan cika da ƙananan kwalabe na ruwan laka, wato ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, na waɗanda ake zargin sanƙarau ya kama. Kayan gwajin da aka daɗe ana dogaro da shi a irin wannan lokaci shi ne Pastorex na kamfanin Bio-Rad, akwati ɗaya gwaji 25.

Ruwan da ake aunawa ɗin, jikin babban mutum na riƙe da wajen mililita 150 nasa, ƙwaƙwalwa kuma tana samar da kusan 500 kowace rana. Shi ya sa mililita biyu ko uku da likita ke ɗiba a gadon baya, tsakanin ƙashi na uku da na huɗu ko na huɗu da na biyar na ƙugu, ba sa rage mara lafiya da komai. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan sama: fararen ƙwayoyin jini ba su wuce 5 a maikirolita ɗaya, furotin 15 zuwa 45 miligiram a desilita, sukari kuwa wajen kashi 60 cikin ɗari na abin da ke cikin jini. In sanƙarau ya kama, ruwan kan yi dishi-dishi kamar na wankin shinkafa, furotin ya hau, sukari ya faɗi.

Pastorex ba ya ƙirga ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikinsa gano ɓawon da ke lulluɓe da ƙwayar cutar. Ana ɗaukar wajen rabin mililita, a dafa shi minti uku a zafin digiri 100, a bari ya huce, a juya a na'ura minti biyar, sannan a ɗiga ruwan saman a da'irorin katin, kowace da nata sinadarin. A gauraya da tsinke, a riƙa karkaɗa katin har minti goma. Inda aka ga ya dunƙule kamar nonon da ya tsinke, nan ƙwayar take. Yana nuna rukunin A da na C na ƙwayar sanƙarau, da ƙwayar nimoniya, da wata ƙwaya mai suna Hib, waɗanda su ma kan jawo sanƙarau, cikin ƙasa da rabin awa, alhali rainon ƙwaya a faranti kan ci kwana ɗaya zuwa biyu. Babban abin yabonsa shi ne ko mara lafiya ya riga ya sha magani daga kemis, wanda ke kashe ƙwayar ya hana ta tsirowa a faranti, ɓawon na nan cikin ruwan na ɗan lokaci.

Matakin dafawar nan shi aka fi tsallakewa idan aiki ya yi yawa ko babu wuta, kuma nan sakamakon ƙarya ke shigowa, domin zafin ne ke kashe furotin da kan dunƙule sinadarin ba tare da cuta ba. Risho da tukunyar ruwan zafi sun wadatar. Haka in an wuce minti goma, iskar hunturu ta busar da gefen ɗigon, sai ido ya ga dunƙulewar da babu ita. Katin da ya dunƙule a da'ira biyu, ko a da'irar tantancewa wadda bai kamata ta motsa ba, ba a rubuta masa sakamako, sai dai a sake. Sinadaran kuma firij suke so, digiri 2 zuwa 8, ba daskarewa. Asibitin da firijinsa ke bin wutar gari, kayan na iya lalacewa tun kafin ranar ƙarewar da aka buga a jikin akwatin.

Akwai gurbin da ƙwarewa ba ta cike shi. Sinadarin rukunin Y da na W na ƙwayar sanƙarau a kwalba ɗaya suke, ba ya raba su. Rukunin B kuma yana rikita shi da wata ƙwaya daban, E. coli K1, saboda ɓawonsu iri ɗaya ne. Rukunin X kuwa ba ya ganinsa sam, ga shi X ɗin ne ya yi ɓarna a Nijar a 2006. Tun da allurar rigakafi ta MenAfriVac ta durƙusar da rukunin A daga 2010, sauran suka samu fili: C ne ya addabi Yamai a 2015, ya kuma tashi daga Zamfara a ƙarshen 2016. Don haka katin da bai nuna komai ba bai wanke mara lafiya ba. Ruwa mai dishi-dishi, ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a fara maganin kashe ƙwayar cuta na ceftriaxone nan take ba tare da jiran kati ba.

Kuskure na ƙarshe ba laifin akwatin ba ne. Wasu kan zuba ruwan duka a gwajin nan, a rasa na sauran. A ware ɗigo don rini na Gram, mai nuna ƙwayar a madubin likita, a ƙirga ƙwayoyin jini cikin awa ɗaya, domin a zafin ɗaki kusan rabinsu kan narke cikin awa biyu. Mililita ɗaya ta shiga kwalbar Trans-Isolate, mai riƙe ƙwayar da rai a hanya, don raino, ita kuma kada ta ga firij bayan an zuba, sanyi na kashe ƙwayar. Wadda ake sanyayawa ita ce ƙaramar kwalbar da za a tura gwajin PCR, mai gano ƙwayar ta sinadarin gadonta, ko dai cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai ko ɗakin gwajin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC a Abuja, inda ake raba W da Y, a kuma kama X.

Ga asibitin da ke da firij mai hasken rana da na'urar juyawa da ma'aikaci mai kiyaye agogo, Pastorex ya ci kuɗinsa, musamman a makonnin farko da ake son sanin wace allurar rigakafi za a nema wa gari. Ƙaramin asibitin da bai fi ganin mutum biyu ko uku a shekara ba, gara ya sa kuɗin a kwalaben turawa da kuɗin mota.