Gidan kallon nan na Samaru, daren da suka haska The Da Vinci Code

Gaskiya wurin ya yi, majiginsu fes kuma janareta bai ba mu kunya ba ko da aka ɗauke wuta, sai dai benci ne matsalar, fim ɗin ya haura awa 2 ga fanka ɗaya tal. Fim ne na 2006 da aka ciro daga littafin Dan Brown, Tom Hanks na bin diddigin kisan da aka yi a gidan tarihi na Louvre a Faransa. Da aka zo inda ake cewa wai Annabi Isa (AS) ya yi aure har ya bar zuri'a sai ɗakin ya kaure, wasu na a'uzubillahi, wasu 'yan uwa Kiristoci daga Wusasa suka tashi suka fita, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, abin ya taɓa ni nima. Ɗaliban ABU kuwa musu suka dasa a bakin ƙofa har mai shayi ya tashi. Mai wurin dai ya kamata ya riƙa faɗa wa mutane abin da ke cikin fim kafin ya karɓi kuɗinsu. Zan koma ranar ƙwallo in sha Allah.